Burunera, Furen da Kan Farka Kafin Itatuwa

A Hausa, inuwa alheri ce. Mukan raɗa wa yaro suna Inuwa, mukan ce wane yana ƙarƙashin inuwar wane idan ya sami majingina, kuma ba a raina gidan da ke da darbejiya a ƙofarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Kano cikin watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili. Shi ya sa Bahaushen da zama ya kai shi arewacin Turai yakan yi mamaki idan ya ji masu lambu suna ambaton inuwa da irin muryar da manominmu ke ambaton fari ko wuta-wuta. A wurinsu inuwa matsala ce. An rubuta littattafai a kanta, kuma shagunan sayar da furanni sukan ware sashe guda domin shuke-shuken da za su iya jure ta.

Dalilin yana ga matsayin rana. Birnin Bonn na Jamus, inda nake aiki, yana sama da digiri 50 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana kan digiri 12. A ƙarshen Disamba, rana a Bonn ba ta ɗagawa sama da digiri 16 ko da tsakar rana, sai ka ga kamar hantsi ne ya ƙi wucewa har magariba ta riske shi. Katanga mai tsayin mita 3 tana shimfiɗa inuwar da ta zarce mita 10 a wannan lokaci, alhali a Kano inuwar katangar nan ba za ta wuce mita 2 da ɗan ɗori ba. Idan aka haɗa da dogayen gine-gine da gajimaren da ba ya gajiya, sai a sami filaye da yawa a bayan gidaje waɗanda hasken rana ke leƙa su kamar baƙo mai sauri.

Filin da ke bayan gidan da nake haya yana cikin irinsu. Gini ya tare shi ta kudu da yamma, ta gabas kuma akwai tsohuwar bishiyar tuffa. Tumatir da attaruhu, waɗanda su ne burin kowane ɗan gida da ya sami taƙi ɗaya na ƙasa a ƙetare, suna son aƙalla awa shida na rana, filin nan kuwa ba ya samun rabin haka. Tsohuwar da ke da gidan ce ta kawo mafita a watan Oktoba na 2021. Ta sa shebur ta tsaga wani curin shuka da ke gindin katangarta, ta miƙo mini kashi uku a cikin bokiti, kowanne da ƙasarsa. Wannan shuka ita ce batunmu na wannan makon, domin ta hanyarta na fahimci cewa inuwa iri-iri ce, kuma kowace tana da lokacinta.

Suna da asali

Masana tsirrai suna kiran ta Brunnera macrophylla, ni kuma zan riƙa ce mata burunera. Kalmar farko ta fito daga sunan Samuel Brunner, masanin tsirrai ɗan Suwizalan da ya rayu daga 1790 zuwa 1844, wanda a 1838 ya yi tattaki har Senegal yana tattara ganyayyaki. Kalma ta biyu tana nufin mai babban ganye. Turawan Ingila suna ce mata Siberian bugloss, kuma sunan nan yana da ban sha'awa ta fuska biyu. Bugloss daga Girkanci take, ma'anarta harshen sa, saboda kaushin ganyen. Mu ma muna da ciyawar da ake kira harshen saniya, ko da yake ba dangin juna ba ne, abin da ke nuna cewa makiyayi duk inda yake da dabbarsa yake auna duniya. Rabin sunan na farko kuwa yana ɓatar da mutum, domin asalin wannan shuka ba Siberiya ba ne. Daga dazuzzukan tsaunukan Kaukasus take, yankin da ya haɗa Jojiya da kudancin Rasha da arewa maso gabashin Turkiyya. Akwai 'yar'uwarta, Brunnera sibirica, wadda ita ce ta Siberiya ta gaskiya. Jamusawa sun fi daidaita magana, domin sunan da suka ba ta yana nufin "kar-ka-manta-da-ni na Kaukasus", saboda furenta ya yi kama da wani ɗan shuɗin fure da Turawa ke kira da wannan suna, kuma danginsu ɗaya.

Ga kamanninta ga wanda bai taɓa gani ba. Tsayinta tsakanin santimita 30 zuwa 45 ne, faɗin curinta kuma yakan kai rabin mita ko fiye. Ganyen yana da siffar zuciya kamar na dankalin Hausa, da kaushin gashi kamar na kabewa. Furannin ƙanana ne ƙwarai, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, shuɗi mai haske da ɗigon fari a tsakiya, kuma sukan fito da yawa a kan siraran karare, har daga nesa ka zaci hayaƙi ne shuɗi ya tsaya a saman ganye.

Tana cikin shuke-shuken da ake dasawa sau ɗaya su yi ta dawowa kowace shekara. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne bambancin gero da gamba. Gero sai an sake shuka shi kowace damina, gamba kuwa takan bushe da rani, saiwarta na nan da rai a ƙasa, ruwan farko na sauka ta yi toho. Burunera ma haka take, sai dai abin da ke kwantar da ita sanyi ne. Ganyenta yakan mutu da hunturu, amma kwantacciyar saiwarta mai kama da citta siririya tana jure sanyin da ya sauka digiri 30 ƙasa da sifili.

Kalandar daji

Duk ƙa'idojin renon burunera suna komawa ga dajin da ta fito. Manyan itatuwan wannan daji masu zubar da ganye ne da kaka. Daga Nuwamba har zuwa Afrilu tsirara suke, haske na ratsa rassansu yana sauka ƙasa. Da zarar sun sake ganye a watan Mayu sai rumfa ta rufe, hasken da ke isa ƙasa ya koma ɗan kaɗan, sau da yawa bai kai kashi 5 cikin 100 na wanda ke sama ba. Tsakanin lokacin da ƙasa ta fara ɗumi da lokacin da rumfar ke rufewa akwai 'yan makonni, kuma a cikinsu ne ƙananan tsirran daji ke yin babban aikinsu na shekara.

Burunera tana amfani da abincin da ta tara a saiwa tun bara ta fitar da fure a watan Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ganyenta yake ƙanana, haske yana wadace, ƙudan zuma kuma sun fito da yunwar hunturu. Bayan furen ya kaɗe sai ta sauya dabara. Ganyen da ke fitowa daga gindi yakan yi ta faɗi har ya kai tafin hannun babban mutum ko ya wuce. Ganye shi ne madafar shuka, da haske yake haɗa abinci daga ruwa da iska, saboda haka inda haske ya yi ƙaranci sai a faɗaɗa faifan da ke tarar sa. Amma faffaɗan ganye yana da tsada, domin ta jikinsa ruwa ke fita. Abin da ya ba ta rinjaye a inuwa shi ne ya sa ba ta iya tsayawa a tsakar rana.

Manomin Damagaram ko Maraɗi zai gane wannan lissafi nan take, saboda ya san gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina, daidai lokacin da gero ke bukatar haske, ya sake shi da rani sa'ad da dabbobi ke neman inuwa da abinci, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Shi ya sa ake barin sa a tsakiyar gona, alhali ba a yi wa mangwaro wannan alfarma. Manomi ba ya tsayawa ga tambayar ko akwai inuwa, yakan duba yaushe take zuwa da abin da take bari a ƙasa. Mai lambu a Turai ma wannan tambaya ce a gabansa.

Inda za a dasa ta, da yadda za a yi

Wuri mafi dacewa shi ne ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye, ko gindin katangar da ke samun ranar safe ta kuma tsira daga ta azahar. Filina ya dace ne bisa sa'a: a watan Afrilu hantsi yana ratsa rassan tuffa, a watan Yuli kuma ganyenta ya tace shi. Wurin da ya fi wuya shi ne ƙarƙashin itatuwan da ba sa zubar da ganye, irin waɗanda ake ƙawatawa lokacin Kirsimeti. Wannan ita ce inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya: duhu duk shekara, ruwan sama ba ya ratsawa sosai, saiwoyin bishiyar kuma sun shanye ɗan abin da ya sauka.

Ƙasar da take so ita ce mai kama da ta daji, wadda ruɓaɓɓen ganye ya yi wa laushi, tana riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Idan laka ce mai tauri, a cakuɗa ta da takin ganye domin ta sami iska. Idan rairayi ne, takin nan dai shi ne zai riƙe mata ruwa. Ana yin wannan aiki kafin a kawo shukar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin dasawa biyu ne: farkon kaka, wato Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ƙasa ke da sauran ɗumi kuma ruwa ya dawo, ko kuma Maris zuwa Afrilu. A bar tazarar santimita 40 zuwa 45 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Wuyan shukar, inda ganye ke haɗuwa da saiwa, ya zauna daidai da fuskar ƙasa, domin idan aka binne shi yana iya ruɓewa.

Shekarar farko ita ce ta ban ruwa. Gara a shayar da ita sosai sau ɗaya ko biyu a mako, ruwan ya shiga ƙasa, da a riƙa yayyafa mata kullum saiwa ta tsaya a sama. A lulluɓe gindinta da ruɓaɓɓen ganye domin rage bushewa. Nawa sun gamu da jarrabawa da wuri. A watan Agusta na 2022 fari ya kama Jamus har kogin Rhine ya janye, jiragen dakon kaya suka rage lodi. Gefen ganyen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa kamar an gifta shi a wuta. Tsohuwar ta ce in yanke waɗanda suka lalace tun daga gindi in ci gaba da ban ruwa da yamma. Da ruwan Satumba ya sauka, sabon ganye ya fito. Shukar da ta kafu shekara biyu ko uku tana jure ɗan fari fiye da haka.

Sauran hidimar ba ta da yawa. Idan fure ya ƙare a yanke kararensa, sai dai in ana son iri ya zuba ya tsiro da kansa. Da hunturu a bar mataccen ganyen a wurinsa ya zama bargo ga wuyan shukar, a kwashe shi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris kafin toho ya fito. Gashin ganyen yana kare shi: zomaye da barewar daji ba su cika kula shi ba, dodon koɗi ma, wanda shi ne babban abokin gabar lambun inuwa a Turai, ya fi son ganye mai santsi. Bayan 'yan shekaru, idan curin ya cika, a tone shi a tsaga kashi-kashi, kowane kashi da saiwarsa da idon toho, a sake dasawa. Ba ta mamaye wuri da gaggawa, a hankali take faɗaɗa.

Ganyen azurfa

Wadda tsohuwar ta ba ni koriya ce zalla, irin ta daji. Amma wadda ta cika shaguna a yau ita ce 'Jack Frost', mai ganye kamar an shafa masa azurfa an bar jijiyoyin kore. Kamfanin Walters Gardens da ke jihar Mishigan a Amurka ne ya fitar da ita kasuwa a 2000, bayan ta ɓullo a matsayin sauyin halitta daga wani tsohon iri mai suna 'Langtrees', wanda ɗige-ɗigen azurfa kawai yake da su. A 2012 ƙungiyar masu sana'ar irin waɗannan shuke-shuke a Amurka, Perennial Plant Association, ta zaɓe ta shukar shekara, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, Royal Horticultural Society, ita ma ta ba ta lambar yabo. Daga jikinta aka sami 'Looking Glass', wadda azurfar ta kusan rufe ganyen duka. Akwai kuma 'Betty Bowring' mai farin fure.

Amfanin azurfar a bayyane yake ga wanda ke da lungu mai duhu. Furen na makonni ne, ganyen kuwa yana nan daga Mayu har sanyi ya kama, kuma da la'asar sakaliya, sa'ad da koren ganye ya narke cikin duhu, mai azurfa yana nan yana ɗaukar ido. Sai dai akwai abu biyu da mai saye ya kamata ya sani. Na farko, irin da ya zuba daga mai azurfa ba ya gadon kamanninta yadda ake so, yawanci kore yake fitowa, don haka ta hanyar tsaga curi ake ninka ta. Idan kuma koren reshe ya ɓullo a cikin curin, a cire shi da wuri kafin ya rinjayi sauran. Na biyu, nau'in da ke da farin gefe, kamar 'Dawson's White', ya fi kowanne rauni, domin farin wurin ba shi da koren sinadarin da ke kama haske, kuma shi ne ke fara ƙonewa idan rana ko iska ta yi ƙarfi. Wanda ke farawa, koriya ko 'Jack Frost' sun fi masa sauƙi.

"Ana miya da ita?"

A watan Afrilu na 2023, da furen ya cika gindin tuffa, na juya wayar na nuna wa mahaifiyata a Zariya.

"To, ana miya da ita?" in ji ta.

"A'a, Umma."

"Magani ce ke nan."

"Ba magani ba ce, Umma. Kallo kawai ake yi."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wanda ya shuka abin da sai baɗi zai gani, ai ya zauna ke nan. Allah ya sa albarka."

Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban amsa ba, domin ta taɓo abin da mu mazauna ƙetare ba mu cika son furtawa ba. Yawancinmu da kwantiragin 'yan shekaru muka zo. Akwatunanmu suna saman kabad, ba mu kafa ƙusa a bango, kuɗin da ya rage kuma yana tafiya ga ginin da ke gida wanda muke gani a hoto. Idan mun sayi fure, na tukunya muke saya, wanda zai yi wata biyu ya mutu ba tare da ya ɗaure mu da komai ba. Na san mutanen da suka yi shekara ashirin a haka, 'ya'yansu sun girma suna Jamusanci, su kuwa har yanzu suna cewa baɗi za su koma.

Burunera ba ta yarda da irin wannan zama. A shekarar farko kusan ba ta motsawa a ido, saiwa take kafawa. A ta biyu curin yakan cika. Sai a ta uku ganyen wannan ya taɓa na wancan, ƙasa ta rufe, ciyawa ta rasa wurin fitowa. Wanda ya dasa ta ya amince cewa akwai yiwuwar yana nan bayan shekara uku, ko kuma ya yarda wani ya ci moriyar aikinsa. A ƙasar da muka fito ba baƙon tunani ba ne. Tsamiyar da muke zama a gindinta a ƙauye, wanda ya dasa ta bai sha inuwarta ba, kuma addini ya koya mana cewa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba suka amfana da shi sadaka ne. Abin da ya yi mini nauyi shi ne yin hakan a ƙasar da takardar zamana take da ranar ƙarewa. Ban fasa niyyar komawa gida ba. Na dai daina ɗaukar shekarun nan a matsayin zaman tasha, tunda su ma daga cikin kwanakin da aka ƙidaya mini ake cire su.

Ko za ta yi a gida?

Na san wasu masu karatu za su tambaya, musamman yanzu da sana'ar furanni ta bunƙasa a gefen titunan Abuja da Kaduna. Shawarata ita ce kada a ɓata kuɗi. Burunera tana bukatar sanyin hunturu na gaske domin ta huta ta sake tashi, kuma ko a Amurka ba ta jin daɗin jihohin kudu masu zafi da gumi. Inuwar da ke ƙarƙashin mangwaro a Kano cikin Afrilu ta fi tsakar ranar Bonn zafi a yawancin kwanakin shekara. Abin da ya cancanci a ɗauko shi ne hanyar tunanin: kafin ka dasa kowace shuka, tambayi inda ta fito, wace irin ƙasa ce a can, yaushe take samun haske da ruwa, sannan ka duba ko lungun da ke gidanka ya yi kama da wurin. Gwaza da citta, misali, suna jure inuwa mai danshi, kuma su ana ci, abin da zai faranta wa Umma rai.

Ga waɗanda ke zaune a Jamus ko Ingila ko Kanada ko arewacin Amurka, da ɗan fili mai duhu a bayan gida wanda aka mayar wurin ajiye kekuna, ku ɗauki rana guda ta hutu a watan Afrilu da wata a Yuli ku lura da awannin da haske ke sauka a wurin. Idan akwai ranar safe da inuwar azahar, kun sami wurinta. Kafin ku je shago kuma, ku leƙa lambun maƙwabta. Duk wanda ya yi shekara biyar da burunera yana da fiye da bukatarsa, kuma masu lambu a nan, ko da ba su cika gaisuwa ba, suna son a tambaye su abin da suka shuka. A watan Maris da ya wuce na tsaga nawa karon farko, na sami kashi bakwai. Huɗu sun koma gindin tuffa, uku kuma na kai wa wasu iyali 'yan Nijar da suka tare a Kolon kwanan nan.